Takalmin Taya A Tasawa Da Mayahi: Mai Aiko Da Shi Ya Haɗo Da Hular Kwano

Duk gidan da ke da ɗa a ci-rani ya san irin saƙonnin da ke kai-komo a WhatsApp idan salla ta matso. Uwa tana son turmin atamfa, uba yana son a sauya masa waya, ƙane kuwa ya tura hoton wani abu da ya gani a TikTok, ya rubuta a ƙasa: "Yaya, don Allah irin wannan." A 'yan shekarun nan, cikin abubuwan da ƙannen ke roƙo har da takalmin taya, wanda wasu ke kira rola. Sun ga samari a Yamai da Kano da Legas suna sulalawa a kan kwalta kamar ba sa taka ƙasa, su ma ransu ya biya. Yayan da ke Tamanrasset ko Sabha ko Legas ko Brussels sai ya shiga kanti ko kasuwar gwanjo, ya ɗauki wanda ya fi kyan launi, ya ba wani mai komawa gida. Kaya su iso Tasawa ko Mayahi, a yi murna, a ɗauki hoto a tura masa.

Abin da kan biyo baya ba ya shiga hoto. Takalmin ya yi wa yaron yawa, an cusa tsumma a gaba. Babu hular kwano, babu abin kare hannu. Unguwa duk rairayi ce, wurin da taya za ta iya juyawa shi ne babban titi, inda manyan motoci ke wucewa. Bayan 'yan makonni tayoyin sun fara ƙara, ɗaya ta cije, an jefar da takalmin a bayan ɗaki. Wannan idan an yi sa'a ke nan. Idan ba a yi ba, labarin yana ƙarewa ne a wurin maɗori ko a gadon asibiti.

Takalmin taya abin hawa ne, kuma haka ya kamata mai saye da mai aikowa da mai sawa su ɗauke shi. Mutumin da zai sayi babur yana duba injin, yana tambayar inda za a samu kayan gyara, yana sanin ranar juyen mai. Takalmin da zai ɗauki nauyin yaro a guje a kan kwalta bai cancanci ƙasa da wannan ba.

Daga ƙanƙara aka faro

Asalin wannan wasa a kan ƙanƙara yake. A ƙasashen da ruwa ke daskarewa da hunturu, mutane sun daɗe suna ɗaura ƙarfe mai kaifi a ƙasan takalmi suna zamiya. Daga nan aka samu rawar kan ƙanƙara, wadda ta shiga wasannin Olamfik a Landan a 1908, tun kafin a fara Olamfik ta hunturu a Chamonix ta Faransa a 1924. Takalmin taya ya samo asali ne daga neman yadda za a yi wannan zamiya a inda babu ƙanƙara. An ruwaito cewa wani ɗan Beljiyam mai suna John Joseph Merlin, wanda ake jingina wa ƙirƙirar takalmin a wajajen 1760, ya shiga wani taron biki a Landan sanye da shi yana goga goge, sai ya kasa tsayawa domin bai yi wa takalmin birki ba, ya je ya fasa wani babban madubi, ya ji rauni. A 1863 James Plimpton na Amurka ya fito da mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya. Irin wanda aka fi gani yanzu, mai tayoyi a jere a layi ɗaya, ya yaɗu ne daga 1980, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu a jihar Minnesota, Scott da Brennan Olson, suka gyara shi domin 'yan wasan ƙanƙara su samu abin atisaye da bazara. Kamfaninsu ne ya zama Rollerblade.

Nijar ba ta taɓa zuwa Olamfik ta hunturu ba, kuma babu wanda zai gina filin ƙanƙara a jihar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Amma akwai abin koyo daga masu rawar ƙanƙara, domin da wuya a samu 'yan wasan da suka kai su tsantseni a kan kayan aiki. Ƙarfen da ke ƙasan takalminsu kaurinsa bai wuce kimanin milimita 4 ba, kuma an rarake tsakiyarsa ta yadda yake da baki biyu, na ciki da na waje. Idan bakin ya dakushe, ɗan wasa zai sulle a lokacin da yake son ƙarfen ya kama. Saboda haka suna kai shi wurin mai wasawa a kai a kai. Ba sa taka siminti da shi sai sun sa masa murfin roba. Da sun fito daga fili sai su goge shi tas da ƙyalle domin tsatsa, su ajiye shi cikin murfin yadi mai shan laima, su buɗe takalmin ya sha iska.

Ko igiyar ɗaure takalmi ba su raina ta ba, kuma tarihi ya nuna dalili. A Olamfik ta Lillehammer a 1994, igiyar takalmin Tonya Harding ta Amurka ta tsinke, ta katse wasanta ta je gaban alkalai tana kuka tana nuna musu ƙafarta. A Vancouver a 2010, igiyar Nobunari Oda na Japan ta tsinke ana tsakiyar wasa, aka rage masa maki, ya ƙare a na bakwai. Shekarun atisaye suka tafi a kan abin da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Idan haka ta faru ga wanda yake wasa a fili mai santsi, likita na tsaye a gefe, ina ga yaron da ke kan kwalta a Tasawa da noti ɗaya a kwance?

Awo kafin launi

Kuskuren farko a wajen awo ake yin sa. An saba saya wa yaro takalmi mai ɗan girma domin ya daɗe yana sawa. A silifa ko takalmin makaranta wannan dabara ce. A takalmin taya hatsari ne, domin ƙafar da ke yawo a ciki ba ta iya juya takalmin. Diddige ya ɗaga, idon sawu ya karkace, yaro ya faɗi, ko kuma fatar ta yi bororo har ya tsani wasan.

Mai aikowa daga waje kada ya dogara da lambar da ƙanensa ya faɗa masa a waya, domin lambar Turai daban, ta Ingila daban, ta Amurka daban, kuma kamfanoni ma suna saɓawa. Abin da ya fi shi ne a sa yaron ya taka farar takarda yana tsaye sanye da safa, a zana ƙafafun biyu, a auna tsawon wadda ta fi girma da santimita, a tura wannan adadi. Idan za a gwada a kasuwa, a ɗaure takalmin sosai, mai sawa ya miƙe ya ɗan durƙusa. Yatsu su kusa taɓa gaba ba tare da sun lanƙwashe ba, diddige kuma ya zauna daram. Ga yara masu girma da sauri akwai irin wanda ake ja ya ƙara tsawo, yawanci har lamba huɗu. Shi ya fi dacewa da gidan da ƙanne ke jiran gado.

Sai wuyan takalmin, wato ɓangaren da ke riƙe idon sawu. A matse shi da hannu ta gefe da gefe. Idan ya lotsa kamar takalmin ƙwallo, ba zai riƙe ƙafar mai koyo ba. A duba kuma ko akwai birki a bayan ƙafa ɗaya, galibi ta dama. Ƙwararru suna cire shi saboda sun iya wasu hanyoyin tsayawa, amma ɗan koyo ba shi da abin da ya fi shi. A takalman da aka yi domin kasuwar Turai akan ga lambar EN 13843 a jiki ko a kwali, da harafin A ko B. Mai B an yi shi ne domin wanda bai wuce kilo 60 ba, mai A yana ɗaukar har kilo 100. Saurayi ƙato a cikin takalmin yara yana neman karaya da kuɗinsa.

Wani abin lura ga mazauna Turai da Amurka da Kanada: a kasuwannin tsofaffin kaya na can, takalmin ƙanƙara ya fi na taya araha da zarar hunturu ya wuce. Kada arahar ta ruɗi kowa. Takalmi mai ƙarfe a ƙasa ba shi da wurin takawa tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Idan daga bosho ne

Yawancin matasa ba su da yaya a waje. Nasu takalmin daga dilar gwanjo yake fitowa, abin da ake kira bosho, ko dai ta hanyar Kano da Katsina, ko ta tashoshin ruwan gaɓar teku. Babu laifi a wannan. Sau da yawa tsohon takalmi na kamfanin kirki ya fi sabo na jabu da aka cika wa fenti. Sai dai gwanjon takalmin taya yana da wani ciwo da ido ba ya saurin gani. Robar da ake yin jikinsa da ita tana tsufa ko da ba a taɓa sawa ba. Wanda ya yi shekaru a ɗakin ajiya, sannan ya kwana cikin kwantena a rana, yana iya zama fes a ido, amma ya dare gida biyu a ranar farko.

Don haka mai saye ya lanƙwasa jikin takalmin da ƙarfi, ya duba ko farin layi ko tsaga za ta bayyana, musamman kusa da inda aka ɗaure tayoyin da wajen maɓallan ɗauri. Ya ja kowane maɓalli ya ga yana kamawa. Ya zaro rigar cikin ya duba ko soson ya ruɓe. Ya ƙirga notuna, domin noti ɗaya da ya ɓata yana iya sa a yi wata ana nema. Ya kifa takalmin ya kalli layin tayoyin, idan ƙarfen da ke riƙe da su ya karkace, a bar shi. Mai alminiyom ya fi mai roba ƙwari ga wanda ya manyanta.

Taya ita ce inda ake yawan cutar mai saye. Ta kirki da wata roba mai suna foliyuritan ake yin ta, tana da ɗan taushi, tana kama ƙasa. Ta banza busasshiyar roba ce irin ta motar wasan yara, tana santsi, tana ƙara, ƙaramin tsakuwa ya ishe ta ta tsaya cak. Gane su ba wuya: idan aka cire taya aka sake ta a kan siminti, ta kirki za ta yi tsalle, ta banza za ta yi ƙwas ta kwanta. A jikin taya akwai lambobi biyu. Ta farko faɗinta ce da milimita, kamar 76 ko 80, kuma su ne daidai da mai koyo. Masu 100 ko 110 sun fi gudu, sun fi hawa kan tsakuwa, amma suna ɗaga mutum sama, faɗuwarsu ta fi muni. Ta biyu mai harafin A taurinta ne. Mai 78A tana da laushi, kwalta mai kaushi da zafi za ta cinye ta da wuri. Tsakanin 82A da 85A ya fi dacewa da titunan wannan yanki.

Akwai kuma lambar da 'yan kasuwa ke son nunawa, ABEC 7 ko ABEC 9, suna cewa alamar gudu ce. Wannan lamba ma'auni ce ta daidaiton ƙirar boris a masana'anta, ba ta faɗin ingancin ƙarfen, ba ta kuma faɗin yadda zai jure ƙura. Kada a ƙara ko dala saboda ita. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce.

Rairayi ne babban abokin gaba

Wanda ya san Tasawa da Mayahi ya san ƙasar jigawa ce. Daga bakin Gulbin Kaba har Urafan, rairayi ne a gona, rairayi a ƙofar gida, iska kuma tana kwaso shi ta zuba a gefen kwalta. Daga Disamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu. An ƙera waɗannan takalma ne domin titunan da ake sharewa, saboda haka kulawar da mai su zai yi a nan ta ninka ta wanda ke Turai.

A cikin kowace taya akwai boris biyu. Takalmi mai taya takwas yana da boris 16 ke nan. Kusan dukkansu girmansu ɗaya, lamba 608: ramin tsakiya milimita 8, faɗi 22, kauri 7. Wannan labari ne mai daɗi, domin irin boris ɗin da ke cikin ƙananan injinan lantarki da yawa ne, ana iya nemansa wurin masu sayar da kayan gyara ba sai an jira daga waje ba. Mai murfin roba, wanda ake rubuta wa 2RS, ya fi mai murfin ƙarfe hana ƙura shiga.

Bayan kowane wasa a goge tayoyi da gefen boris da busasshen ƙyalle ko tsohon burushin haƙori. Idan taya ta fara ƙara kamar ana niƙa, rairayi ya shiga. A kwance ta da alanki, yawanci mai lamba 4, a ciro boris, a ɗaga murfin da bakin allura a hankali, a jiƙa shi cikin kananzir a girgiza har dattin ya fita, a bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗiga masa man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu. Wanda ba ya son yawan kwancewa ya sa giris kaɗan: gudu zai ɗan ragu, amma ya fi daɗewa. Abin da ba a yi shi ne wanke boris da ruwa, ko zuba masa baƙin mai da aka juye daga babur, ko man gyaɗa. Ruwa tsatsa yake kawowa, baƙin mai yana ɗauke da garin ƙarfe, man girki kuma yana daskarewa ya zama danƙo. Mai da ya yi yawa ma kiran rairayi yake yi.

Tayoyi suna cinyewa ne ta gefen ciki, kuma ba sa cinyewa daidai. Idan an ga sun fara zama kamar bakin gatari, a juya su, gefen da ya cinye ya koma waje, a kuma sauya musu wuri: ta ɗaya ta koma gurbin ta uku a ɗaya ƙafar, ta biyu ta koma na huɗu. Wannan aikin rabin awa yana ƙara wa taya rai sosai. Kafin kowace fita a bi notuna ɗaya bayan ɗaya a ɗaure, a duba robar birki ko ta kai layin da ke nuna ta ƙare. Bayan an dawo a zaro rigar ciki a shanya a inuwa. Kada a bar takalmin a tsakar gida da rana ko a kan rufin kwano, domin zafi yana gasa roba ya sake gam. Inda ake haya ko karɓa-karɓa, kowa ya zo da safarsa, saboda ƙaiƙayin tsakanin yatsu yana bin takalmi mai gumi.

Da damina kuwa a haƙura idan ƙasa ta jiƙe. Taya ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta, ruwa kuma yana kashe boris a kwana ɗaya.

Hula da safar hannu kafin komai

Duk wanda ya sa takalmin taya zai faɗi. Wannan ba ya cikin abin da ake gardama a kai. Tambayar ita ce da me zai tari ƙasa. Mutum idan zai faɗi hannu yake miƙawa, shi ya sa wuyan hannu ya fi ko'ina shan wahala. Wani bincike da aka wallafa a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine a 1996, a kan masu wannan wasa da aka kai asibiti a Amurka, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan a wuyan hannu suke, kuma hatsarin wannan rauni ya ninka kusan sau goma ga wanda bai sa kariyar hannu ba. Karayar wuyan hannu ga ɗan makaranta na iya cin jarabawar shekara. Ga tela ko makanike ko mai yanka kilishi, watanni ne babu sana'a.

Kai kuwa ba a yi masa ɗori. Hular kwano ta masu keke da takalmin taya tana da lambar EN 1078 idan ta Turai ce, ko tambarin CPSC idan ta Amurka ce. Ta zauna daidai a kan goshi, ba a tura ta ƙeya ba, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa. A nan ne kaɗai ya kamata a guji gwanjo idan da hali, domin hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi sosonta ya riga ya mutu a ciki ko da bayanta na sheƙi. Sai na gwiwa da na gwiwar hannu.

Shawara ga mai aikowa a nan a fili take. Idan kuɗin bai isa takalmi mai tsada da kayan kariya ba, ya sayi matsakaicin takalmi ya haɗo da hula da kariyar hannu. Ya jefa alanki da tayoyin canji da robar birki guda a cikin kwalin, domin su ne ba a samu a kasuwar garin. Idan kuɗin takalmin kawai ke akwai, ya dakata zuwa wata salla. Ƙanensa zai yi fushi na mako guda, fushin zai wuce.

Ina za a taka?

Ko an sayi mafi kyan takalmi a duniya, matsala ɗaya tana nan. Tasawa tana kan hanyar ƙasa mai lamba ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Agye da Gazawa ta wuce Damagaram. A kanta motocin safa ke gudu, da tireloli, da tankokin man da ke fitowa daga matatar SORAZ tun da aka buɗe ta a 2011, ga 'yan kabu-kabu da amalanken shanu. Wannan ce shimfiɗa mafi santsi da yaro zai gani a garin, kuma ita ce mafi hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato daidai shekarun masu wannan wasa.

Mafi muni shi ne ɗabi'ar da ake gani a bidiyoyin manyan birane, ta kama bayan mota ko babur a ja mutum. Birkin takalmin taya ɗan guntun roba ne da aka yi domin gudun ƙafar mutum. Ba zai tsayar da wanda mota ke ja ba. Direba bai san da shi ba, idan ya taka birki ko ya kauce wa rami, shi ke nan. Masu ɗora irin wannan bidiyo ba sa ɗora na ranar da abin ya ƙi. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa su tuna cewa ba a ce mutum ya je ya tare shi a hanya ba.

Wasu iyaye da malamai na ganin mafita ita ce a hana wasan baki ɗaya, kuma tsoronsu yana da tushe. Sai dai hani ba ya raba yaro da abin da yake gani kullum a waya. Yana tura shi ne ya yi a ɓoye, da magariba, a wajen gari, inda babu babba kuma motoci sun fi gudu. Wasu kuma na cewa a yankin da ake fama da tsadar hatsi da ƙarancin azuzuwa, maganar takalmin taya shagala ce. Amma kuɗin an riga an kashe su, takalman suna shigowa ko an yi maganar ko ba a yi ba. Abin da ya rage shi ne ko za su zama motsa jiki, ko su zama ƙarin layi a asibiti.

Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gari ba: daɓen siminti mai santsi kamar girman filin ƙwallon kwando, a gidan matasa ko a harabar wata makaranta, da tsintsiya. Ma'aikatar magajin gari tana iya ba da wuri. Ƙungiyoyin 'yan asalin Tasawa da Mayahi mazauna waje, waɗanda suka saba haɗa kuɗin masallaci da rijiya, suna iya ɗaukar siminti. Fadojin samari, da suka iya tara kuɗin shayi da sukari kowace rana, suna iya mallakar akwatin gyara ɗaya da huluna na kowa da kowa, su kuma kafa doka cewa babu hula babu shiga. Mai gyaran keke da ya koyi wanke boris da juya taya ya ƙara sana'a. Fili mai katanga shi ne kuma kaɗai hanyar da 'yan mata za su samu rabonsu, domin babu uban da zai bar 'yarsa ta hau babban titi.

Nijar ta san abin da fili ke yi wa wasa. Kokawa ta daɗe a dandalin ƙauye, amma gasar takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe, da filayen da aka gina mata a manyan biranen jihohi, su suka mai da ita abin da ƙasa ke tsayawa cak domin kallo. A waje ma akwai misali. Kolambiya ba ƙasar wasannin ƙanƙara ba ce, amma ta shahara a duniya a tseren takalmin taya. Erin Jackson, baƙar fata daga jihar Florida mai zafi, a kan taya ta yi suna kafin ta koma ƙanƙara, ta kuma ci zinare a tseren mita 500 a Beijing a 2022.

Ba lallai ne wani yaro daga Maijirgi ko Kanambakashe ya kai can ba, kuma ba shi ne abin nema na farko ba. Na farko shi ne yaron da ya fita da la'asar da takalminsa a kafaɗa ya dawo gida da ƙafafunsa kafin magariba. Kafin salla mai zuwa, yayan da ke shirin cika alkawari ya fara neman awon ƙafa da na kai, ya tambayi inda ƙanen nasa zai yi wasan da wanda zai tsaya a kansa. Idan amsar ita ce bakin babban titi, to takalmin ya jira a samu fili. Allah Ya tsare.